Rakiyar Gawar Sagbo

Ranar Asabar ɗin da za a kai gawar Sagbo gida, babur ɗin ƙaninsa Mahunyon ya mutu sau biyu kafin ƙarfe bakwai na safe.

Na farkon a bakin kasuwar Wando ne. Yana tsaye yana jiran wata motar yashi ta wuce, hannunsa ma ba ya kan totur, sai ya ji injin ya ɗaga murya da kansa kamar wanda aka tsikara. Ya hau, ya sauka, ya sake hawa, sannan ya yi tari biyu ya ɗauke. Mahunyon ya buga kik har cinyarsa ta yi tsami, ko motsi. Ya buɗe tanki ya leƙa, ga mai nan maƙil har wuya, don jiya da yamma ya sa mai sayar da fetur na kwalba ta cika masa. Ya rufe, ya sake bugawa, sai babur ya tashi kamar ba shi ba. Bai yi tafiyar minti goma ba abin ya dawo, iri ɗaya sak.

Shekara tara yana zem, wato acaɓa, da wannan babur a Porto-Novo, yana ɗaukar mata da kwandunansu, da 'yan makaranta, da awaki in ta kama. Mutuwar inji a hanya ba baƙon abu ba ce a wurinsa. Amma yau, ƙarfe goma daidai, shi ne zai ja rakiyar gawa.

Sagbo yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma ɗan zem ne. Shekara biyu ba sa ga maciji. Tun da Mahunyon ya shiga cocin masu fararen riguna ya daina zuwa yankan da gidansu ke yi wa kakanni duk shekara, Sagbo ya ɗauki abin da zafi. Wata rana ya tare shi a tasha ya kira shi bare. Magana ta yi tsawo, har Mahunyon ya ce, a gaban 'yan zem sun fi talatin, "Ranar da ka mutu ƙafata ba za ta raka ka ba." Sati shida da suka wuce Sagbo ya kwanta da ciwon ciki, kwana biyar ya cika. Ba wanda ya ce wa Mahunyon komai. Sai dai in ya shiga gidan, matan da ke hira su sauya zance.

Da aka zauna tsara jana'iza, Daa, wato babban gidansu, ya ce ɗan'uwa na ciki ɗaya shi ke shiga gaba. Babur ɗin Mahunyon ne zai buɗe hanya, yayarsu Hwefa a bayansa riƙe da babban hoton mamaci, sai masu badujala a ƙafa, sai motar gawa, sai sauran 'yan zem. Daa ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube shi ba, "A gidan nan mamaci ba ya bin wanda bai yafe wa ba. In ya ƙi, za mu gani a hanya."

Kowa ya san abin da yake nufi. Akwai wani surukin gidan da motarsa ta mutu ɗauke da akwatin gawar wata gwaggo, shekara goma sha wani abu ke nan. Har yau ba wanda ke cin abincin da ya fito daga gidansa, 'ya'yansa kuma ba sa taka tsakar gidan kakanninsu. Mahunyon na da 'ya'ya uku. A cocinsu ana koya masa cewa mamaci ba ya riƙe inji. Ya yarda da hakan, amma rigar ankon da ke jikinsa ta riga ta manne masa a baya.

Ya juya kan babur ya nufi garejin Agosu.

Garejin gindin mangwaro ne da benci ɗaya da akwatin ƙarfe. Agosu tsohon bakanike ne, siriri, mai furfura a gira, ya gyara baburan rabin 'yan zem na unguwar tun suna sababbin shiga. Yana zaune yana shan koko da ƙosai. A gefe wani ɗan zem, Zinsu, ya miƙe ƙafa yana jiran facin tayarsa ya kama.

"Fofo, ka rufa mini asiri," in ji Mahunyon, tun kafin ya kafe babur. Fofo, wato yaya, haka ake kiran namijin da ya girme ka a nan, mace kuma Dada.

"Kai ba yau ake kai yayanka ba? Me kake nema a nan da anko a jiki?"

"Silo ne. Sai ya hau da kansa, ya yi ta haki, ya mutu. Sau biyu yau."

"Yau ɗin?" in ji Zinsu, ya ɗaga kai. "Yau ɗin nan? Kai, Mahunyon. Ashe Sagbo da wuri yake tashi."

"Rufe mana baki, kai da tayarka mai faci ya fi taya yawa," in ji Agosu. Ya ajiye kofi, ya goge hannu a wando. "Tayar da shi. Kada ka taɓa komai."

Haka yake aiki. Ba ya ɗaukar sifana sai ya gama saurare. Mahunyon ya buga, babur ya tashi, ya sakar masa totur. Injin ya zauna yana bugawa a hankali, tuf, tuf, tuf, ba gaggawa ba gargada. Agosu ya tsuguna ya kara kunne kusa da kafireto, ya daɗe.

"Wannan ai ya fi ni lafiya."

"Wallahi Fofo, da idona..."

"Na ji. Babur ya iya munafunci, in ya ga bakanike sai ya zama salihi. Me ka canja masa a satin nan?"

"Ba komai."

"Wanki?"

"Shekaranjiya."

"Mai fa? Wurin wa?"

"Wurin matar da nake saye kullum. Ta tace da ƙyalle a gabana."

Agosu ya murɗa totur ya saki, ya ji ya koma da kansa ƙwas, ya juya kan babur dama da hagu ko waya na ɗaurewa, ba ta ɗaure. Ya ɗebo fetur a murfin kwalba ya ɗiɗɗiga a kan robar da ke haɗa kafireto da inji, yana saurare. Ya ce da robar ta tsage tana satar iska, da kukan ya canja nan take. Kukan bai canja ba. Ya kashe, ya kwance fulogi, ya kai shi wajen haske ya juya.

"Ka gani? Bakinsa fari. Injin nan yunwa yake ji. Iska ta fi mai yawa." Ya miƙa hannu wajen tanki. Wani jan tsumma na shimfiɗe a kai, an cusa gefensa a ƙarƙashin kujera. "Bari in ga man."

"Bari, Fofo, ni zan buɗe." Mahunyon ya yi sauri ya damƙi murfin ta cikin tsumman, ya murɗe, ya riƙe shi a bayansa. Agosu ya leƙa, ya sansana, ya ce mai kam ba laifi.

Daga nan ya kwance kafireto ya baje shi a kan wani tsohon faranti. Mahunyon ya tsaya a kansa yana kallon agogon wayarsa. Bakwai da rabi ta wuce. Tsohon ya cire ƙoƙon da mai ke taruwa a ciki ya karkata shi, babu ruwa, sai 'yar ƙasa ja kamar garin barkono. Ya zaro ɗan ƙaramin bututun tagulla mai ciyar da silo, ya ɗaga shi sama ya leƙa da ido ɗaya, ya busa, ya sake leƙawa.

"Ɗan datti ne. Bai kai ya kashe inji ba, amma wa ya sani."

"Fofo, ƙarfe goma ne fa."

"In ka iya, ga sukundireba."

Zinsu ya ce ai da shi ne da ya ari babur ɗin wani ya huta. Shi ma ya san amsar. Duk tasha ta san babur ɗin Mahunyon da lanƙwasasshen madubinsa. Ya zo da na aro, an gane ke nan ya ji tsoro, kuma wanda bai yi komai ba me zai ji wa tsoro?

Takwas da kwata aka mayar da komai. Agosu ya daidaita ƙusar iska, ya mayar da ita ciki gaba ɗaya sannan ya dawo da ita juyi ɗaya da rabi, ya taɓa ta silo kaɗan kaɗan har kukan ya zauna inda yake so. Ya hau ya zaga layin ya dawo.

"Ya gyaru. Tafi ka kai yayanka."

Mahunyon bai yarda ba tukuna. Ya ce zai gwada irin tafiyar da zai yi anjima. Ya sa giya ɗaya, ya bi gefen titi a hankali kamar mai bin masu ƙafa, yana wasa da kuloc. Ya wuce makarantar firamare, ya wuce masu walda. Minti biyar, minti bakwai. Kafaɗunsa suka fara sauka. Ya tsaya a mararraba don wata mai tallan burodi ta tsallaka, sai ya ji shi. Injin ya ɗaga murya da kansa, siririya, kamar mai kiran wani daga nesa. Ya sauka, ya hau. Mahunyon ya murɗa totur, injin ya shaƙe. Ya ja cok, ya ɗan farfaɗo, sannan ya ɗauke ɗif.

Ya zauna a kai bai motsa ba. Mai burodin ta waiwayo ta dubi ankonsa, ta dubi babur ɗin, ta yi gaba da sauri.

A wannan karon ko tankin bai buɗe ba, ya san a cike yake. Ya sauka ya turo shi har gareji, yashin layin na riƙe tayoyin, bakinsa na motsi da addu'ar da shi kansa bai san ko ta cocin ce ko ta gidansu ba. Ya iso tara saura minti biyar. Zinsu ya gama faci amma bai tafi ba, kuma wasu 'yan zem biyu masu anko sun tsaya sa iska. Duk suka bi shi da ido. Ba wanda ya yi dariya yanzu, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Ya sake?" in ji Agosu.

Mahunyon ya gyaɗa kai.

"Bayan ya mutu ka taɓa wani abu?"

"Ko ɗaya."

"Madalla. Yau ka yi hankali. Yanzu mun kama shi da kayan sata a hannu."

Ya tsuguna ya sassauta ƙusar da ke gindin ƙoƙon kafireto. Ya kamata mai ya zubo. Ɗigo uku suka fito, shi ke nan. Ya zare tiyon da ke saukowa daga tanki, famfon a buɗe, tiyon ya ɗan yi yawu ya tsaya.

"To fa. Tanki a cike, tiyo a bushe. Kafireton ba ruwansa, mun wahalar da bawan Allah a banza. Ko famfon ne ya toshe? Buɗe mini in haska ciki."

Mahunyon ya damƙi murfin ta cikin tsumman ya murɗa. Murfin ya ɗan yi gardama, sannan aka ji wani dogon huci, fuuu, kamar mutum ya daɗe a ƙarƙashin ruwa ya taso. Nan take fetur ya ɓalle daga tiyon ya wanke wa Agosu ƙafa. Tsohon ya toshe bakin tiyon da babban yatsa, bai ko dubi ƙafarsa ba.

"Ba ni murfin nan."

"Fofo..."

"Ba ni, ba tare da tsumman ba."

Mahunyon ya zare tsumman. A saman murfin, daidai faɗinsa, an manna hoton Sagbo, irin 'yan zagayayyun hotunan roba masu gam da ake bugawa a raba wa dangi lokacin jana'iza. Yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta zem, yana murmushi da wushiryarsa, an rubuta shekarar haihuwa da ta rasuwa a ƙasa.

"Wa ya sa wannan?"

"Dada Hwefa. Jiya da yamma, bayan na sha mai. Da hannunta ta manna, ta bi shi da babban yatsa ta danne ko'ina. Ta ce in riƙa kallonsa tun daga ɗakin ajiye gawa har gida."

"Shi ne ka rufe shi da tsumma. Kuma na tambaye ka me ka canja, ka ce ba komai." Agosu ya juya murfin ya nuna masa cikinsa. "Ka ga wannan 'yar hudar kamar ta allura? Ta nan tanki ke numfashi. Mai na sauka, iska na shiga ta maye gurbinsa. An toshe ta, ka kuma cika shi har wuya. Sai ya tsotse kansa ya riƙe man. Ƙoƙo ya fara bushewa, inji ya yi ta ihu don yunwa, ya mutu. Ka buɗe ka leƙa, ka ba shi iska ba ka sani ba, ya tashi. Shi ke nan ciwon."

Mahunyon ya ƙura wa hudar ido. Ya dafa kujerar babur. Ashe huda ce. 'Yar huda.

Agosu ya laluba aljihun rigarsa ya zaro allurar da yake tsokace bututu da ita. Ya shafa saman hoton da yatsa har ya ji ɗan lotsawar. Wurin ya faɗo daidai ƙasan idon Sagbo na hagu.

"Tsik ɗaya, an gama."

Mahunyon ya cafke masa hannu. Bai san lokacin da ya yi ba. Zinsu ya miƙe tsaye, ɗaya daga cikin masu ankon ya ce, "Kai, Fofo!" ya ja da baya. Agosu ya dubi allurar, ya dubi fuskar da ke ƙarƙashinta, ya dubi mutanen. A hankali ya mayar da ita aljihu.

"Tsufa," in ji shi. "Na ga murfi, ban ga mutum ba."

A garin nan, a soka allura a idon hoton mamaci ranar jana'izarsa, a hannun ƙanin da ya yi masa baki, a gaban shaidu uku. Da labarin ya riga gawar isa gida.

"To a ɓare shi," in ji Agosu.

"Dada a bayana za ta zauna. Abin da za ta fara dubawa ke nan."

"In ba ka wani murfin?"

"Duk ɗaya ne. Na cire shi ke nan."

"Ka riƙa buɗewa kana rufewa a hanya mana," in ji Zinsu. Muryarsa ta canja, yanzu taimako yake so ya yi.

"Da wane hannun? Ɗaya a kuloc, ɗaya a totur, ga Dada da firam a baya."

Agosu ya ce zai iya yanke robar cikin murfin kaɗan iska ta riƙa shiga ta gefe. Ya ɗauko reza, sai ya tsaya ya yi tunani, ya ajiye. Hanyar gidan su Mahunyon duk ramuka ce, tankin kuma a cike. Mai zai riƙa tsartuwa ta wurin yankan, ya jiƙa hoton, fetur kuwa yana cin fenti. Kafin a kai rabin hanya fuskar Sagbo ta narke tana zubowa a kan tanki, a gaban idon yayarsa.

Mahunyon ya duba wayarsa. Tara da minti ashirin.

"Ni nawa ya ƙare," in ji Agosu. Ya mayar da tiyon, ya ɗaure, ya miƙa masa murfin. "Na gano ciwon. Maganin yana hannun wadda ta manna. Ka je ka gaya mata."

"Sati shida ba ta amsa gaisuwata ba."

"To yau ba gaisuwa za ka kai mata ba."

Bakin ɗakin ajiye gawa ya cika da anko iri ɗaya, kore da ruwan ƙasa. Masu badujala na gwada ƙahoninsu, motar gawa ta juyo da baya, 'yan zem sun jeru a gefen titi. Mahunyon ya taho yana tsayawa yana ba tankin iska, amma da ya kusa sai ya bar shi a rufe da gangan. Ya kafe babur ɗan nesa da jama'a, ya ratsa ya sami Hwefa. Mace ce mai jiki, mai sayar da busasshen kifi, wadda in ta yi magana a wannan bakin kasuwa ana ji a wancan. Yau idanunta sun kumbura, ta rungume firam ɗin a ƙirji.

"Dada, ki zo ki ga wani abu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sai yanzu? Daa ya tambaye ka sau uku. Na ce wataƙila ƙafar taka ce ta cika alkawari."

"Don Allah, Dada. Minti biyu."

Ta biyo shi, ba don ta so ba. Ya gaya mata a tsaye, kansa a ƙasa: babur ya mutu sau uku yau. Bai ƙarasa ba ta ja numfashi, ta ƙara ƙanƙame firam ɗin.

"Ya ƙi ka ke nan."

"Ki sa kunnenki nan."

"Ni za ka yi wa wasa da hankali?"

"Ki sa kawai."

Ta sunkuya. Ya murɗa murfin, tankin ya ja iska, fuu. Hwefa ta zabura ta yi baya. Ya ga abin da ke shirin faɗo mata a rai, ya yi maza ya tare.

"Dada, gwangwanin madara. In kin huda shi huda ɗaya, yana zuba?"

Ta dubi murfin.

"Sai kin yi ta biyu ta iska. Ga ta biyun nan." Ya juya murfin ya nuna mata ta ciki, sannan ya juyo da shi ya ɗora yatsa a gefen hoton, bai taɓa fuskar ba. "Tana ƙarƙashin nan. Fofo Agosu ya gano. Ya so ya huda, na hana. Ban ɓare ba, ban sa kowa ya ɓare ba. Ke kika sa. In kin ce a bar shi, a bar shi, in hau haka nan, ya mutu a hanya, su faɗi abin da za su faɗa."

Ta karɓi murfin ta ɗaga shi sama, ta juya, ta daɗe tana dubawa. Daga can wani ya ƙwala kiran sunanta, an fito da akwati.

"Wato ni na toshe."

"Ban ce ba."

"Ni na ce." Idonta ya sauka kan jan tsumman da ke rataye a kujera. "Wannan fa? Rufe shi ka yi?"

Ya so ya ce don rana ne, ko don ƙura. "Ba na iya kallonsa, Dada."

Ta miƙa masa firam ɗin ya riƙe. Ta sa farcen babban yatsanta, mai kaurin ɓare ƙayar kifi, ta bi gefen hoton a hankali, tana ɗagawa kaɗan kaɗan don kada ya yage, har ya fito ɗungurungum. Ta tsaya da shi a kan yatsa tana duban babur ɗin. Ta nuna gilashin agogon gudu da ke tsakanin hannuwa.

"Wannan yana numfashi?"

"A'a. Shekara huɗu ke nan da ya daina aiki."

Ta manna shi a nan, ta bi shi da yatsa ta danne. Ta zare tsumman ta cusa a jakarta. "Tayar."

Ba a sami lokacin gwaji ba. Goma da minti goma masu badujala suka ɗauka, Mahunyon ya saki kuloc, rakiya ta motsa. Hwefa ta zauna a baya ta ɗaga firam ɗin sama da kansa, nauyinta na karkata babur duk lokacin da ta gyara zama. Tafiyar ƙafa ce, giya ɗaya, yatsu biyu a kan kuloc. Ƙahoni da ganguna suka cika titi har ba ya jin injinsa. Sai ya koma saurarensa ta cinyoyi da tafin hannu. Duk rawar da ta ɗan canja sai tambayoyi su taso masa. In Agosu ya yi kuskure fa? In akwai wani ciwon bayan wannan? In ɗan gam ya rage a bakin hudar? Bai duba ba. Me ya sa bai duba ba?

Minti biyar. Minti takwas. Gumi na shiga masa ido, ba hannun sharewa. In ya sauke kai, ga Sagbo da wushiryarsa.

A mararrabar da ake barin kwalta wata babbar mota ta tare hanya tana juyawa. Dole ya tsaya cak. Badujala ta yi shiru a bayansa, don masu busa su huta. Nan fa kowa ke jin injin, mutum ya fi ɗari biyu. Mahunyon ya ji hannunsa na so ya murɗa totur ya riƙe shi sama, amma yin haka ma magana ce. Ya buɗe yatsunsa ya ɗauke hannun gaba ɗaya, ya ɗora a cinya.

Tuf, tuf, tuf, tuf.

Motar ta ja baya, ta yi gaba, ta sake ja baya. Direban na ta zagin yaron motarsa da ba ya nan. Injin na nan yadda yake.

"Sagbo," in ji Hwefa daga bayansa, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya magana, "ga mararraba. Dama za mu bi, kada ka ɓata." Ta zunguri Mahunyon da gwiwa. "Kai ma ka gaya masa. Kai ke ja."

Motar ta ba da hanya. Ya ja kuloc ya sa giya.

"Fofo," in ji shi ga yayansa, can ƙasa, "akwai rami a gaba. Ka riƙe da kyau."

Jar hanyar ta ɗauke su kusan rabin awa. Yara na leƙowa ta katanga, mata na fitowa da hannu a ka. Sau ɗaya tayar baya ta zame a yashi, ya sa ƙafa ya tare, injin ya ɗan nutse ya dawo. Hannunsa na hagu ya mutu tun tuni, bai san da me yake matse kuloc ba. Sai ga rumfunan da aka kafa, ga kujerun roba a jere, ga Daa tsaye a ƙofar gida da ƙwaryar ruwa.

Mahunyon ya tsaya a gabansa. Daa ya zuba ruwan a ƙasa sau uku, yana kiran sunayen da ake kira. Hwefa ta sauka da ƙyar, wasu mata suka karɓi firam ɗin. Aka sauke akwatin, aka wuce da shi ta gefen babur, aka shige ciki. Har yanzu Mahunyon na zaune, hannunsa a kan makulli, ya kasa murɗawa. In ya kashe yanzu, wani da ke can baya da bai ga hannunsa ba zai ji shirun kawai.

Hwefa ta kai bakin ƙofa, ta waiwayo ta gan shi. Ta dubi jama'ar da ke tsaye. Sannan ta buɗe muryarta ta kasuwa, wadda ake ji har layi na uku.

"Mahunyon! Kashe abin nan mana, hayaƙi ya ishe mu! Ka zo ka kama mana kujeru."

Ya murɗa makullin.